Darasi na 9: Tsuntsu Mai Ɗinka Ganye

A ƙasashen Asiya masu zafi, irin su Indiya da Siri Lanka da kudancin Sin, akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai zaƙin murya da ake yi wa laƙabi da tela. Tsawonsa santimita 10 zuwa 14 ne, nauyinsa kuwa bai wuce giram 10 ba. Gadon bayansa kore ne, cikinsa fari-fari, goshinsa ja-ja, wutsiyarsa kuma kusan kullum a ɗage take. Galibi akan ji kukansa kafin a gan shi, domin muryarsa ta fi jikinsa girma nesa ba kusa ba.

Abin da ya jawo masa wannan laƙabi shi ne yadda yake gina sheƙa. Idan lokacin saka ƙwai ya gabato, macen takan zaɓi ganye mai faɗi, ɗaya ko biyu, a reshen da bai yi nisa da ƙasa ba, sai ta huda gefen ganyen da bakinta mai tsini, ta zura zaren auduga ko na saƙar gizo-gizo ta cikin hudojin, ta ja a hankali har gefunan su haɗu su zama kamar aljihu. Takan barbaza bakin zaren ya yi kauri don kada ya zare. Daga nan sai ta shimfiɗa ciyawa mai laushi da auduga a ciki.

A nan gwanintar take, domin ba ta tsinke ganyen daga reshensa, saboda haka yana nan kore shar, maciji ko ƙadangaren da ya zo wucewa da wuya ya gane akwai ƙwai a ciki. Ƙwai uku ta fi sakawa, ana kwanci a kansu kwana 12 ko makamancin haka, sannan uwa da uba su yi ta ɗauko wa 'ya'yan ƙwari da tsutsotsi har su yi fiffike.

Mai lambu yana cin moriyar wannan tsuntsu, tunda ƙwarin da ke cin shuka su ne abincinsa. Ya kamata ya duba ganyaye kafin ya sassabe reshe, idan kuma ya ga ganye a naɗe da zare, ya bar shi har 'ya'yan su tashi.

Aikin ɗalibi: A karanta sakin layi na biyu da ƙarfi, sannan kowa ya rubuta matakan ɗinkin bi da bi a littafinsa, ya kuma rubuta 10 da 12 da 14 da kalmomi.