Yadda za ku yi da dare in kun kai ɗan shekara biyu hutu wurin wasan yara

Duk wanda zai kai iyalinsa hutu irin manyan wuraren wasan nan, ko Dubai ne ko Faransa ko Amurka ko ma nan Abuja, lissafin rana yake yi. Nawa ne tikiti, wane lilo za a hau, ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa. Ba wanda yake tuna dare sai an je, ƙarfe bakwai ta yi yaro ya zube a ƙasa yana birgima, uwa ta gaji uba ya gaji, a kwaso shi a dawo otal a kashe fitila kowa ya yi tsit cikin duhu yana danna waya dan kar ya farka, haka za a yi ta yi har hutun ya ƙare bayan an kashe kuɗi masu ciwo. Abin yana damuna wallahi, dan mu nan Kano da wuya mace ta samu awa biyu ita da maigida ba baƙi, ba gaisuwar biki ko ta rasuwa, ba wanda ya buga ƙofa. A tafiyar nan ne ake samun wannan, kuma da dare ne. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, daren nan tun da rana ake gyara shi.

Ku fara da baccin rana. Likitocin yara suna cewa ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar baccin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Wurin wasa bai san da wannan ba, kiɗa ne da rana da hayaniya da layi tun safe. Toh abin da yake aiki shi ne ku shiga da wuri ana buɗewa, lokacin layi bai yi tsawo ba, ana kiran azahar ku fito ku koma otal, a ci abinci a watsa masa ruwa a ja labule ya yi baccin awa ɗaya da rabi ko biyu, ku ma ku ɗan yi ƙailula. Na san zuciya za ta ce ai mun biya kuɗin wuni guda ya za a yi mu fita da rana tsaka. Yawancin wuraren nan suna barin mutum ya fita ya dawo da tikitinsa a ranar, ku dai tambaya a bakin ƙofa kafin ku fita. Kuma shi yaron a wuraren Disney in bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, dan haka ba kuɗinsa kuke asara ba. Yaron da ya tsallake baccin rana ba wai zai yi bacci da wuri da dare ba ne kamar yadda wasu suke zato, gajiyar ce take wuce masa iyaka ya koma rigima, ya ƙi abinci ya ƙi goyo ya ƙi kowa. Amma kar a bari baccin ya zarce la'asar sakaliya, in ya kai biyar yana bacci toh ku da runtsawa sai sha biyun dare.

Sai maganar bambancin agogo, wannan mutane da yawa ba sa saka ta a lissafi alhali ita ce take tsara muku daren farko da na biyu. Dubai tana gaban Kano da awa 3. Yaron da ya saba bacci ƙarfe takwas a gida, jikinsa ba zai yarda takwas ta yi ba sai sha ɗayan daren Dubai. Wannan ribarku ce, kwanakin farko ku yi fitar dare da shi ba fargaba, ku bar shi ya makara da safe. Orlando kuwa inda Disney World take akasin haka ne, suna bayanmu da awa 5 lokacin zafinsu, awa 6 lokacin sanyi, dan haka ƙarfe biyu ko ukun rana ido ya fara rufewa, ƙarfe biyun dare kuma ya tashi garau yana neman shayi. A can kar ku saka wani shiri na dare a kwana biyun farko, ku dinga fitar da shi cikin hasken rana kuna ɗan ja masa lokacin baccin a hankali. Faransa da sauƙi, lokacin sanyi agogonmu ɗaya da su, lokacin zafi suna gabanmu da awa 1, sai dai a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen goman dare, yaro zai ga gari fayau ya ce shi ba dare ba ne. Labule mai kauri ne maganin wannan, in yana barin haske ta tsakiya ku kama bakinsa da abin shanyar kaya ko ƙaramin fil.

Magariba ta same ku a ɗaki ko a wani wuri mai rufi. Dama haka muka taso, ana kiran salla ake shigo da yara gida, kuma akwai hadisi ingantacce da ya ce a tsare yara in dare ya kawo kai, in wani yanki nasa ya wuce a sake su. Tsarin nan ya dace da hutun ma, lokacin ne yaro ya fi ƙananan rigima, sai ya zama lokacin wanka da abinci da salla. A Dubai wurin salla ba ya wuya, a manyan kantuna da wuraren wasa duk akwai na maza da na mata. A Faransa da Amurka ku saka ƙaramar darduma a jaka ku tambayi ma'aikata inda za ku iya yi. Batun ƙasaru kuma ku tuna a mazhabarmu ta Malikiyya in mutum ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari toh ya cika sallarsa.

Abincin darensa ya zama wanda ya sani. Ba daren hutu ne lokacin gwada masa sabon abu ba. Ki taho da garin kununsa, madararsa, kofinsa ko fidarsa da ya saba da ita, da ƙaramin fulas, otal da yawa akwai butar dafa ruwa a ɗaki. Amma dan Allah kar a cusa kilishi ko dambun nama a akwati in Amurka ko Turai za a je, ba sa barin a shigar musu da nama daga waje, za su karɓe kuma a Amurka in ba ka faɗa ba aka gano har tara ake ci. Alawa da askirim a gama da su tun la'asar.

Yanzu ga zaɓin da ke gabanku kowane dare, ko a fita da shi ko a zauna. Ni shawarata kar ku jera fitar dare biyu, yau a fita gobe a zauna.

In daren fita ne, ki shirya shi kamar mai kwanciya tun daga ɗaki, a yi wanka a canza famfas a saka kayan bacci a yi masa addu'o'insa, sannan a ɗora shi a keken yara da ɗan bargonsa. In bacci ya ɗauke shi a can shikenan, kun dawo sai dai a ɗauke shi a hankali a kwantar ba sai an tashe shi cire kaya ba. Keken ya zama mai kwantawa baya. Kuma ki riƙe zanin goyonki a jaka, akwai lokacin da ba abin da zai yarda da shi sai bayanki, kar ki ji kunyar goya ɗanki a gaban kowa. A Dubai wurin da ya fi dacewa da irin wannan fitar shi ne Global Village, dama da yamma yake buɗewa wajen ƙarfe huɗu har tsakar dare, amma lokacin sanyi kawai yake ci, daga Oktoba zuwa wajen Afrilu. Ana tura keke ana kallon rumfunan ƙasashe ana cin abinci, ba dole sai an hau komai ba. Ruwan nan mai rawa na gaban Burj Khalifa shi ma da yamma ake kunna shi duk bayan rabin awa, in kun rasa wannan ga wani nan tafe, ba gaggawa. Legoland na Dubai kuwa da aka buɗe a 2016 an yi shi ne dan yara 'yan shekara 2 zuwa 12, na rana ne, a gama da shi kafin dare. Masu zuwa lokacin dogon hutun makaranta ku sani Yuli da Agusta zafin Dubai yana haura digiri 40 kuma ko da dare iskar da ɗumi take, sai ku nemi wuraren da ke cikin gini da sanyin esi irin IMG Worlds of Adventure, ku dinga ba shi ruwa akai akai.

Wasan wuta shi ne abin da yake riƙe iyaye a wuri har dare ya raba, kuma gaskiya yana da kyau, ba zan ce kar ku kalla ba. Amma ƙarar tana razana ƙaramin yaro, wani ma har ya kwana yana firgita. Ku sayi abin toshe kunne na yara irin mai kama kai tun kafin tafiya, ku saka masa a gida ya saba. Ku tsaya can baya kusa da hanyar fita, ana ganin komai daga nan, kuma ku kama hanya kafin a gama da 'yan mintuna dan in aka tashi gaba ɗaya dubban mutane ne suke tunkarar ƙofa ɗaya, tura keke a cikin wannan cunkoson azaba ce, layin mota ma wani aikin ne. A Magic Kingdom da ke cikin Disney World ana iya hango wutar daga wasu otal da ke bakin tafkin gabansa ba sai an shiga ciki ba. A Disneyland Paris kuma sai lokacin rufewa ake yi, lokacin zafi yana kaiwa bayan goman dare, dan haka dare ɗaya ya isa. Kafin ku fita ku rubuta lambar wayar Abbansa a ɗan abin hannu ku ɗaura masa, ku ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa a ranar.

In daren zama ne, nan ne ɗakin da kuka kama yake nuna amfaninsa. Tun wajen biyan kuɗi ku nemi mai ɗan falo ko mai baranda, ko gidan haya irin mai kicin, ko da zai sa ku rage kwana ɗaya a hutun, wallahi ya fi ɗaki guda mai tsada da za ku zauna a duhu. Ku roƙi gadon yara tun kafin ku iso, yawanci suna bayarwa. Yaro ya yi bacci, a ja ƙofa a bar ta a ɗan buɗe yadda za a ji motsinsa, a dafa shayi, a yi odar abinci ta waya a kawo har ƙasa, ɗayanku ya sauka ya karɓo. A Dubai ba fargabar halal, a Paris da Orlando sai an duba an tambaya, in an rasa a ci kifi. Sannan ku zauna ku yi hira, hirar da ba ta kuɗin makaranta ko cefane ba. Goman daren Dubai bakwai ce a Kano, daidai lokacin gaida Hajiya da Alhaji a nuna musu hotunan jikansu, sai dai kiran WhatsApp ba ya shiga a can yadda muka saba, mutane manhajar kira ta Botim suke saukewa, ku saka wa na gida ita ma tun kafin ku taso. Minti goma kafin kwanciya a haɗa jakar gobe, famfas da kayan canji da ruwa, a saka wayoyi a caji, a wanke ƙananan kayansa a shanya a banɗaki.

Akwai kuma karɓa-karɓa. Yau Abban yara ya zauna da shi ke ki sauka ke da 'yar uwar tafiya ki zaga kantunan da ke jikin otal ɗin, gobe ke ki zauna shi ya koma ya hau manyan lilon da ba a barin yara. Iyaye maza dan Allah ku karɓi naku kason da zuciya ɗaya, ita ma hutun ta zo, kuma wuni ta yi tana ɗauka tana saukewa. In kun taho da kaka ko ƙanwarki toh kun huta, sai ku fita ku biyu awa biyu ku dawo, amma ita ma a ba ta nata daren kar ta zama raino kawai aka kawo ta. Wasu otal suna da masu raino da ake biya da awa, in za ku ɗauka ta hannun otal ɗin za ku bi, ta zo yaron yana farke ya ganta, kuma kar ku yi nisa.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Kar a bar yaro shi kaɗai a ɗaki a kulle a ce ai yana bacci bari mu sauka mu ci abinci, ko da an bar waya a kunne ana jinsa. Ɗan shekara biyu yana iya saukowa daga gado, ya buɗe ƙofa, ya ja kujera zuwa baranda, ya kunna ruwan zafi, kuma in ƙararrawar gobara ta tashi lif ba ya aiki, sai kin hau bene da ƙafa mutane suna saukowa. Na biyu kar a ɗura masa maganin mura ko na ƙaiƙayi dan ya yi bacci, na san ana yi kuma ana ba juna shawarar a ɓoye, haɗari ne ga ƙananan yara, wani ma maimakon bacci sai ya ƙara birkicewa. Ƙofar baranda a kulle ta da zarar kun shigo ciki, bahon wanka a zubar da ruwansa, magungunanku a ɗora sama.

Masu zuwa Abuja irin su Magicland duk tsarin ɗaya ne, sai dai ba ruwanku da bambancin agogo, ku dai taho da gidan sauronsa ko maganin shafawa na yara, kuma ranar da kuka sha hanyar Kaduna kar ku saka fita, a ci abinci a kwanta.

Daren ƙarshe a bar shi na haɗa kaya. Ku duba lokacin tashin jirgi ku lissafa baya, in na asuba ne yaron ya kwana da kayan da zai yi tafiya da su, fasfo da madara da famfas da kaya kala biyu su kwana a jakar hannu kusa da ƙofa, keken kuma kar a haɗa shi da akwatuna, yawancin kamfanonin jirgi suna bari a tura shi har bakin ƙofar jirgi sannan su karɓa.