Yadda ake kwance injin da tsatsa ta kama da haɗin ATF da asiton

Kafin ka zuba komai, gano abin da ya kama injin. Wanda ya kafe yana cikin tafiya, saboda baƙin mai ya ƙare ko ya yi zafi fiye da kima, ƙarfe ne ya narke ya manne da ƙarfe. Wannan sai an sauke shi an buɗe, jiƙo ba zai yi masa komai ba. Jiƙo na injin da aka ajiye ne, kamar tasi ko Pragya (keke mai ƙafa uku) da ta kwashe damina biyu a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ba a tayar ba, laima ta shiga ta bawul ɗin da ke buɗe, tsatsa ta haɗe zoben fistan da bangon silinda.

Fara cire fanbel da sitata. Sau da yawa altaneta ce ta cije, ko kwamfuresan AC, injin kuwa lafiyarsa lau. Sannan a kwance fulogi duka. In ruwa ya cika silinda, nan za ka gani.

Haɗin shi ne ATF, wato man giyar mota mai otomatik, da sinadarin asiton, rabi da rabi. Ga injin silinda huɗu, mililita 200 na kowanne ya isa zubin farko. ATF ko'ina akwai shi a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, asiton kuma sai wurin masu sayar da kayan fenti da sinadarai. Kada ka yi amfani da abin goge farcen mata ko da akwai asiton a cikinsa, yawanci an gauraya shi da ruwa da turare. Asiton siriri ne, shi ke jan man ya ratsa tsatsar, amma biyun ba sa zama a haɗe, don haka a girgiza sosai dab da zubawa. Yana tafasa a digiri 56, a zafin ranar Kumasi nan da nan yake tsere wa kwalba, kuma yana cin fenti da wasu robobi. A haɗa a gwangwani mai murfi, nesa da mai walda da mai sigari. In babu asiton, dizal ko kananzir da ATF na yi, sai dai ya fi jan lokaci. Man birki da Coca-Cola da wasu ke zubawa a bar su: na farko yana jan laima, na biyu ruwa ne da sukari.

Da sirinji da ɗan tiyo a zuba kamar mililita 100 a kowane rami, a mayar da fulogi da hannu kawai don kada ya bushe. Injin V yana buƙatar ƙari, domin man yana taruwa a gefe guda na fistan. Injin dizal ta ramin nozul ake zubawa. Kullum a leƙa a ƙara. Silindar da man cikinta ke raguwa, man yana wuce zoben, wadda ya tsaya cak kuwa ita ce mai matsalar.

Bayan kwana 3, cire fulogi, giya a furi, sa soket da doguwar sanda a notin fulin kuranshaf. Ka ɗan matsa gaba, ka ɗan dawo baya. Kada yaron shago ya hau sandar da ƙafa, notin zai karye, ko ya kwance in an matsa baya da ƙarfi. In ya ƙi, a sa ƙarfen taya a haƙoran fulawil ta ramin sitata a taɓa a hankali. Ko motsin kaurin farce ka samu, tsaya, ƙara mai, ka bari sai gobe. Wani injin sai ya yi mako 2. Kada a buga sitata, kada kuma a ja motar a saki kuloci, haka ake karya zobe da lanƙwasa sandar fistan.

In ya juya kaɗan ya tsaya da ƙarar ƙarfe, buɗe murfin sama, wataƙila bawul ne ya maƙale a buɗe fistan na dukansa.

Idan ya yi zagaye biyu cikakku da hannu, mayar da sitata, bar fulogi a cire, cire fiyus ɗin famfon mai da wayar koyil, rufe ramukan da tsumma, sannan ka buga sitata ya fesar da sauran man. Wanda ya mayar da nozul ko fulogi da mai a ciki zai lanƙwasa sandar fistan, domin ruwa ba ya matsuwa. A zubar da baƙin mai, a canza filta kafin a tayar, domin haɗin ya gangara ya tsinka shi. Zai yi hayaƙi da farko. In hayaƙin ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, a auna kwamfureshan, silindar da ta faɗi ƙasa da sauran sosai tana buƙatar sabon zobe.