Babi na Shida: Karanta Labarin Yanayi, Zafin Bazara da Halin Teku

Ƴan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. A babin da ya gabata mun ƙirga daga 1 har 100, mun rubuta su a allo da takarda. Yau lambobin nan za su yi mana aiki. Duk mai babbar waya ya sha ganin hoton rana da wata lamba a gefenta. Mai kallon Tele Sahel kuma yakan ga taswirar Nijar, kowane gari da lambarsa: Yamai, Tawa, Agadas, Damagaram, Maradi. Wannan shi ne labarin yanayi, wanda ake ce wa meteyo. Ma'aikatan hukumar yanayi ta ƙasa da ke Yamai suke shirya shi, daga awon da ake yi a tashoshi, har da ta filin jirgin Maradi.

Wani dattijo a ajinmu ya taɓa tambayata, "Malam, wannan ba shiga gaibu ba ne?" Na ce masa, "Baba, in kuka ga hadari ya haɗu gabas kuka ce a kwashe shanya, kun shiga gaibu?" Su ma alama suke dubawa, sai dai da na'ura. Wani lokaci su dace, wani lokaci su kuskure. Sanin gobe sai Allah.

Darasi na 1: Lambar zafi

Ga abin da za ku gani:

42°

Abu uku ne a nan. Akwai 4, akwai 2, akwai ɗan ƙaramin zobe a sama. Ɗora yatsanka a hagu. Hagu shi ne hannun da ba ka cin tuwo da shi. Lambar da ke hagu ita ake fara faɗa: arba'in. Sannan ta dama: da biyu. Arba'in da biyu.

Na san inda ake tuntuɓe. Wanda ya yi makarantar allo idonsa ya saba farawa daga dama, sai ya ce ashirin da huɗu. Ba laifinsa ba ne, sabo ne, kuma sabo yana gyaruwa. Amma ku dubi bambancin. 24 iska ce mai daɗi, irin ta safiyar damina bayan an kwana ana ruwa. 42 kuwa ranar Afrilu ce da azahar, wadda ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Wanda ya karanta 24 a wurin 42 zai ɗauki fartanya ya tafi sharar gona da rana tsaka.

Mu sake. Yatsa a hagu.

41° arba'in da ɗaya. In ka ce goma sha huɗu, ka fara daga dama. Koma hagu.

43° arba'in da uku. In ka ce talatin da huɗu, ka fara daga dama. Koma hagu.

39° talatin da tara. Wanda ya ce casa'in da uku ya duba yatsansa, zai ga a dama yake.

Yanzu ɗan zoben nan na sama. Sunansa alamar digiri. Digiri shi ne awon zafi, kamar yadda tiya take awon hatsi, lita take awon mai. Kada ku ɗauke shi sifiri. Sifiri babba ne, yana zaune kan layi, tsayinsa ɗaya da sauran lambobi. Alamar digiri ƙarama ce, tana rataye sama kamar ɗan kunne. Ku dubi wannan:

40°

A nan akwai su duka biyu. Babban zoben sifiri ne, ƙaramin alamar digiri ce. Sai ka ce digiri arba'in. Da yawa suna cewa ɗari huɗu. Ruwa yana tafasa a digiri 100, jikin mutum mai lafiya yana wajen 37. Gari ba zai kai 400 ba.

In kun ga harafin C a bayan lambar, kamar 40°C, sunan ma'aunin ne kawai, Selsiyus, shi muke amfani da shi a nan. In kuma wayarku ta nuna 104°F, kada ku firgita. Ma'aunin Amurka ne, kuma 104 nasu shi ne 40 namu. Ku ba yaro ya mai da muku ita C.

Kowa ya rubuta waɗannan sau biyar biyar a takardarsa, yana faɗa da ƙarfi, yatsa a hagu: 38°, 40°, 42°, 45°, 24°. Sannu a hankali, ba gaggawa.

Darasi na 2: Lambobi biyu na rana ɗaya

Sau da yawa lambobi biyu ake sa wa gari, kamar haka:

Maradi 42° / 27°

Kafin komai, karanta kowacce daga hagu. Arba'in da biyu. Ashirin da bakwai. In bakinka ya ce saba'in da biyu, tsaya, mai da yatsa hagu.

Babbar lamba ita ce iyakar zafin da rana za ta kai, kuma yakan kai can tsakanin azahar da la'asar. Ƙaramar ita ce mafi sanyin lokaci, wajen asuba zuwa fitowar rana. Ba a tara su, ba a ɗebe wata daga wata. Na ga wanda ya tara ya sami 69 ya zo yana tambayata. Layin da ke tsakaninsu katanga ce kawai.

Ku kula da ƙaramar lamba ƙwarai, don mutane suna raina ta. A watan Janairu, lokacin hunturu, takan sauka ƙasa da 15, shi ya sa ake hura wuta da safe. A Afrilu da Mayu kuwa takan tsaya kusa da 30. In ta tsaya can, ɗaki bai huce ba, jiki bai huta ba, aka wayi gari aka sake shiga rana. Kwana uku ko huɗu a jere haka, tsofaffi da jarirai su ne suke fara galabaita.

Wani abu kuma da ba a faɗa a rediyo: a inuwa ake awon nan. Ma'aunin yana cikin wani farin akwati mai ƙofofin iska, a ɗage daga ƙasa. To in an ce 42, na inuwa ke nan. Ɗan kabu-kabu da ke kan kwalta, da mai tuyar ƙosai a bakin wuta, da wadda ke cikin ɗakin kwano, abin da suke sha ya fi haka nesa.

A nan dole in yi magana. Mako uku ke nan muna kan karanta lamba daga hagu, har yanzu wasu suna zuwa aji takardarsu fara fat. Kuna da lokacin zaman hira a bakin shago har dare ya raba, amma layi biyar ya gagare ku. Iyayena mata da ke daka da surfe da goyo sun fi wasu maza cika aikinsu. Ba na jin daɗin haka. Wanda bai rubuta ba ya koma darasi na 1 ya rubuta kafin ya ci gaba, kuma ya fara daga hagu.

Darasi na 3: In lamba ta haura 40

Aikin ƙarfi a yi shi da sassafe ko bayan la'asar. A sha ruwa kafin ƙishirwa ta zo, a riƙa kai wa tsofaffi, don su ba kullum suke jin ƙishi ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono za a ƙara masa, a ba shi akai-akai, uwar ta sha ruwa da yawa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko na ɗan lokaci. Dabbobi ma a ɗaure su a inuwa.

In mutum ya fara jiri, ciwon kai, amai, ko fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi duhu, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Ku lura, sukari 6, gishiri rabi. In kuwa jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa.

Abin nan yana kisa. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai 48 da rabi. A hajjin shekarar, Makka ta haura 51, alhazai fiye da 1300 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ku karanta lambar Makka: hamsin da ɗaya. Wanda ya ce goma sha biyar ya san abin da zai yi da yatsansa.

Darasi na 4: Halin teku

Za ku ce ina ruwan Bamarade da teku, mu da Gulbi ma sai damina yake kawowa. Teku yana nesa da mu fiye da kilomita 800, amma daga can ruwan samanmu yake tasowa. Iskar da ke kaɗowa daga kudu maso yamma tun wajen Mayu, daga mashigin tekun Gini take ɗauko laima. Kuma ƴan kasuwarmu da direbobinmu suna zuwa Lome, Kwatano da Legas, yaranmu suna ci-rani can.

A labarin teku za ku ga irin wannan:

1,5 m

Harafin m mita ne, tsayin igiyar ruwa. Ɗan waƙafin da ke tsakani yana raba cikakkiyar mita da ɓarinta. Wasu wayoyi ɗigo suke sa wa. Karanta daga hagu: mita 1 da rabi. In ka tsallake waƙafin za ka ce mita 15. In ka fara daga dama za ka ce 5 da wani abu. Duka biyu kuskure ne.

Ƙasa da rabin mita, teku ya kwanta. Daga mita 1 da kwata zuwa 2 da rabi, ya motsa. Sama da 2,5 ya yi ƙarfi, masu ƙananan kwale-kwale sukan zauna gida. A gaɓar Lome da Kwatano ya fi tashi daga Yuli zuwa Satumba. Ruwan kuma yana cika ya janye sau biyu a kwana, kusan awa 6 yana hawa, awa 6 yana sauka, jan wata ne ke sa haka. Inda ka ajiye takalminka a busasshen yashi, anjima ruwa ne.

Ku gaya wa yaranku: iyon tafki daban, na teku daban. A gaɓar nan akwai ruwan da ke jan mutum ciki ko ranar da lamba take ƙarama. Baƙo ya tsaya kan yashi.

Lome takan nuna 32 a ranar da Maradi ke nuna 42. Can iska jiƙe take, zufa ba ta bushewa, don haka a sha ruwa kamar a gida.

Darasi na 5: Hasashen watanni

Akwai hasashen gobe, akwai na watanni. Kowace shekara wajen Afrilu ko Mayu, masana na cibiyar Agrimet da ke Yamai da takwarorinsu na ƙasashen Sahel sukan faɗi yadda suke ganin damina, ko za ta faɗi da wuri ko a makare. Na yanki ne gaba ɗaya, bai san gonarka ba.

In rediyon waje ya ce lokacin zafi a Faransa ko Aljeriya, Yuni zuwa Agusta yake nufi, daidai da daminarmu.

Aikin gida: kwana bakwai a jere, rubuta lambobi biyu na Maradi da safe, babba da ƙarama. Ku zo da takardar ranar Asabar, kowa zai tashi ya karanta tasa.