Ga masu sayo dabinon Aljeriya su kai Kano

'Yan'uwa, kafin ku biya kuɗin dabinon da ya sauko ta Agadas, ku buɗe kwali uku ko huɗu daga tsakiyar lodi, domin na sama kullum shi aka gyara wa ido. Ku tsaga dabino ashirin. In kuka ga gari-gari baƙi ko saƙar zare kusa da ƙwallon, tsutsa ta riga ta shiga, kuma cikin zafin Damagaram sauran kwalayen ba za su daɗe ba. Warin tsami kuwa alama ce ta laima.

Deglet Nour, wani nau'in dabinon Aljeriya mai taushi, yana son sanyi. Wanda ba shi da ɗakin sanyi ya tsaya ga busasshe, ya fi jure hanya. A jera buhuna bisa katako, nesa da bango, kuma don Allah kada a haɗa su mota ɗaya da man fetur ko albasa, dabino na ɗaukar wari.

Ku tanadi takardar duwan, wato kwastan, da ta lafiyar tsirrai tun kafin iyaka. Da sefa kuka saya, da naira za ku sayar, saboda haka ku tambayi canjin ranar kafin ku yanke farashi. Kaya su isa Kano mako biyu kafin azumi.