Yadda za ka iya zama a ƙaramin tsohon gari irin Bayreuth

Duk wanda ya samu gurbin karatu a Bayreuth sai ya tambaye ni wai yaya garin yake, to gari ne ƙarami a arewacin jihar Bavariya ta Jamus, mutanensa wajen dubu 75 ne kawai. Jami'ar an buɗe ta a 1975 kuma ta yi suna wajen nazarin Afirka, a can ma Iwalewahaus yake, wato gidan nuna fasahar Afirka, wanda wani Bajamushe mai suna Ulli Beier ya kafa a 1981 bayan ya daɗe yana zaune a Najeriya. Na zauna a garin kuma har yau ina kewarsa, amma gaskiya zaman nan sai da shiri.

Ka fara neman ɗaki tun kana gida, kar ka ce sai ka sauka. Ɗakunan ɗalibai kaɗan ne kuma layi ake bi. In a watan Yuli ko Agusta za ka iso kar ma ka sa rai da otal mai araha, lokacin ake bikin waƙoƙin Richard Wagner, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, baƙi sun cika gari maƙil. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya, doka ta yarje masa har na hayar wata 3.

Kana shiga ɗakin sai ka karɓi takardar shaida daga hannun mai gida, ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshi cikin kwana 14, don banki da ofishin baƙi duk sai sun nemi wannan takardar. Sannan ka liƙa sunanka a jikin akwatin wasiƙa tun ranar farko. Wannan kar ka ɗauke shi wasa ɗan'uwa, katin banki, lambar haraji, takardar inshorar lafiya, duk ta gidan waya suke zuwa, in ɗan saƙo bai ga sunanka ba komawa zai yi da su. Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo.

Cefane kuma ranar Asabar za ka gama shi. A Bavariya ƙarfe 8 na dare an rufe shaguna, Lahadi kuwa ko'ina a kulle sai gidan mai da masu biredi da safe. Naman halal a shagon Turkawa ko Larabawa za ka samu, sauran kaya ka riƙa duba bayan leda, in ka ga Schwein to alade ne, gelatin ma ka kula da shi, don sau da yawa daga alade ake yin sa. Robar ruwa kar ka jefar, ka mayar cikin injin da ke bakin shago a ba ka santi 25. Daga gida ka taho da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, amma kilishi da dambun nama ka bar su, an hana shiga da nama Tarayyar Turai. Garin samo ɗinsu yana tuwo tsaf.

To abin da na fi so ka ji shi ne maganar hunturu, don a nan mutane suke karaya. Sanyin jaket mai kauri da takalmi mai kyau suna maganinsa, kuma gara ka saya a can. Duhun ne matsalar, a Disamba ƙarfe 4 da 'yan mintuna rana ta faɗi, ka idar da azahar ba ka gama cin abinci ba la'asar ta yi, kafin ka juya magariba ta shiga, titi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ba mai shayi ba mai tsire ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce lafiya ban gan ka ba. Mutumin da ya taso cikin jama'a sai ya yi kwana da kwanaki bai ji muryar kowa ba sai ta waya, wallahi wannan yana taɓa zuciya.

Don haka ka sa wa kanka doka, kullum sai ka fita da rana ko da rabin awa ne. Sayi keke na hannu, garin duk keke yana zagaye shi. Ka bi ta lambun shaƙatawa na Hofgarten ka ga tsofaffi suna tafe a hankali da karnukansu, ko ka wuce lambun Eremitage a gefen gari. Ka shiga gidan wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, da gimbiya Wilhelmine ta sa aka gina, aka buɗe a 1748, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2012. Daga waje dutse ne kawai, ciki kuwa katako ne da aka sassaƙa aka shafe da fenti da ruwan zinare tun daga ƙasa har rufi, ni dai tsayawa na yi ina kallo baki buɗe.

Juma'a kar ta wuce ka, masallatan ƙanana ne amma nan za ka san mutane. Maƙwabta kuma kai za ka fara gaishe su a kan bene, ka ce Grüß Gott, gaisuwar mutanen yankin ke nan, kar ka damu in amsar ta zo a gajarce, a hankali suke sakewa. Bayan ƙarfe 10 na dare ka rage sautin waya da kiɗa, ka kuma tambayi mai gida yadda ake raba shara, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban. In kana son Bajamushe ya zo cin abinci ka sa masa rana da lokaci tun mako guda kafin nan, zai zo kuma a kan minti.

In garin ya ishe ka, Nuremberg wajen awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, can akwai shagunan 'yan Afirka sosai. Ranar Sallah kuwa ba hutu ba ce a Jamus, don haka tun da wuri ka sanar da malaminka ko wurin aikinka, ku haɗa kai da 'yan'uwa kowa ya dafo abin da ya iya.