Shawara ga masu kwas ɗin ƙaramin tattalin arziki (microeconomics) a wannan zangon

Salamu alaikum 'yan uwa ɗalibai na Jidda da Makka. Kada ku kwana kuna haddar ma'anoni. Zanen buƙata da wadata, wato layuka biyu masu nuna yawan kayan da masu saye ke so da yawan da masu sayarwa ke kawowa a kowane farashi, shi ne ginshiƙin kwas ɗin, kuma da biro da takarda ake koyonsa.

Ku ɗauki otal-otal na kusa da Harami. A goman ƙarshe na Ramadan masu Umra sun cika gari, ɗakuna kuwa ba a gina su dare ɗaya. Layin buƙata ya matsa dama, wato buƙata ta ƙaru, na wadata yana nan kusan tsaye ƙyam, sai farashi ya yi sama. A nan malamai ke kama mutane a jarrabawa: canjin farashin kayan kansa tafiya ce a kan layi, ba ya matsar da shi. Yawan jama'a, kuɗin da mutane ke samu ko farashin wani kaya daban ne ke matsar da layin buƙata.

Sannan ku gwada da harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da aka saya, da Saudiyya ta ɗaga daga kashi 5 zuwa 15 a Yulin 2020. A kan shinkafa, wa ya fi ɗaukar nauyin, mai saye ko mai shago? Ku zana, ku turo nan mu duba tare.