Kafin ku kai yara makarantar gwamnati a Amurka

'Yan'uwa masu sauka daga Bichi, Dambatta, Ringim da Gumel, kuskure ɗaya ake ta maimaitawa a kan karatun yara. A gida uba ya kama hannun yaro ya kai wa hedimasta, in an samu tangarɗa mai unguwa ya sa baki. A nan takarda kaɗai ake saurare.

Ku fara cire tsoro. A 1982, a shari'ar Plyler da Doe, Kotun Ƙoli ta hana jihar Texas rufe ƙofar makaranta ga yaran da ba su da izinin zama. Ko bizar uba ta ƙare, dole a ɗauki yaro kyauta. Ɓoye shi a ɗaki ne ke jawo fitina, domin kowace jiha tana da dokar tilasta karatu.

Cikin takardun da makaranta ke nema, takardar haihuwa da katin rigakafi ba su da wuya. In katin ya ɓace tun a ƙauye, asibitin unguwa zai sake allurar.

Inda ake shan wahala shi ne adireshi. Kaso mai tsoka na kuɗin makarantu daga harajin gidajen yankin yake fitowa, kuma a 1973, a shari'ar Rodriguez, Kotun Ƙoli ta bar tsarin a haka. Shi ya sa kowace gundumar makarantu ke tsare iyakarta kamar iyakar gona. Galibi sai ka kawo shaida biyu masu sunanka: yarjejeniyar haya, da takardar kuɗin wuta ko gas. To sabon zuwa yana raɓe a ɗakin ɗan'uwa, yana biyan haya hannu da hannu, babu rasit, sunansa bai fito ko'ina ba. Mai gidan kuma yana gudun rubuta komai, don ya san ya cusa mutane fiye da ƙa'ida.

Kada ku ari adireshin wani don makarantar can ta fi kyau. Ana bincike har ƙofar gida, kuma a 2011 wata uwa a jihar Ohio ta kwana a kurkuku kan wannan. Hanyar halal biyu ce. Wanda ya sauke ku ya cika takardar rantsuwa cewa tare kuke zaune, ya haɗa da tasa shaidar. In ya ƙi, ku nemi jami'in dokar McKinney-Vento ta 1987, kowace gunduma tana da shi. Dokar ta shafi iyalin da rashin hali ya sa suke raɓe a gidan wasu, kuma ta ce a ɗauki yaro nan take ko takardu ba su cika ba. Mutanenmu sun iya saukar baƙi, Allah ya saka musu, amma kunya tana hana a faɗi cewa a raɓe ake, sai yaro ya yi asarar zango guda.

Yaron da bai iya Turanci ba yana da haƙƙin a koya masa tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Lau na 1974. A fom ɗin rajista da ke tambayar harshen da ake yi a gida ku rubuta Hausa, ku kuma nemi tafinta, kyauta ne.

Ranar Sallah ku aika takardar uzuri tun da wuri. A birnin New York ma hutu ne. Batun bulala kuwa, malamin da ya ga shatin dorina a jikin yaro doka ta wajabta masa sanar da hukumar kare yara, kuma ba zai jira jin ta bakinku ba.